Saura kwana 12 biki, yaushe ya kamata in yi halawa?

Amaryar Bayan Sallah:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema cikin gaggawa. Bikina saura kwana 12 kuma gwaggona ta riga ta biya kuɗin gyaran jiki gurin wata mata, halawar cire gashi da dilkar murje fata da turare duka a haɗe. Ni tunda nake ban taɓa yin halawa ba, reza na saba da ita, rabona da aski ma kwana 5 kenan. Matar ta ce in zo jibi a fara. Abin da ke damuna shi ne akwai wani man haɗi da nake saya gurin wata a Instagram, kusan wata 8 ina shafawa, gaskiya ya karɓe ni na yi haske, amma kwanan nan na lura ko ɗan sosa hannuna na yi sai gurin ya yi ja ya daɗe bai koma ba, kuma a cinyata ina ganin wasu siraran jijiyoyi kore kore waɗanda da babu su. Ƙawata ta ce ba komai ai kowa na yi, wata kuma ta ce fatata za ta iya ɗayewa. Wlh na rasa wa zan bi, ga shi ina jin nauyin gwaggo. Waɗanda suka sani ku taimaka min.

Maman Biyu:
Wa'alaikumussalam amarya, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Tun kafin a je maganar mai, askin kwana 5 bai isa a yi halawa ba, gashin bai fito yadda halawar za ta kama shi ba. Sai ya kai kamar tsawon ƙwayar shinkafa, yawanci sati 2 zuwa 3 bayan aski. In bai kai ba mai yi za ta ta maimaitawa a guri ɗaya tana neman ta cire, maimaitawar nan kuwa ita ke jawo ciwo. Jibi dai kam ya yi kusa.

Gimbiyar Zoo Road:
Ni fa ban ga abin tsoro ba. Shekarata 3 ina shafa mai kuma duk wata biyu sai na yi halawa, ko ƙwarzane ban taɓa samu ba. Ki je abinki ki sha gyara, kar a sa miki fargaba ana saura kwana kaɗan biki. In mai yin ta iya aikinta shikenan.

'Yar Yerwa Mai Halawa:
Gimbiya ki yi haƙuri amma ba zan bar wannan maganar ta wuce ba, saboda sana'ata ce, a hannun kakata na koya a Maiduguri tun ina 'yar shekara 14, ita kuma a gurin matan Shuwa ta koya, asalin abin daga Sudan ya zo mana shi da dilka da humra. Halawa ba komai ba ce illa sikari da lemun tsami da ɗan ruwa, a dafa har ya yi kalar zuma a ja shi da hannu ya yi danƙo. Ita kanta ba ta da illa. Amma ba gashi kaɗai take ɗauka ba, tana ɗaukar mataccen saman fata, shi ya sa kike ganin gurin ya yi sumul yana sheƙi. To in fatar lafiyayya ce, mataccen ne kawai zai tafi. In mai ya cinye ta ta yi siriri, da mai ran za ta tafi.

Na gani da idona. Wata amarya aka kawo min shekarun baya, na tambaye ta kina shafa mai ta ce a'a basilin kawai, yayarta ma ta ce ai haka kalarta take tun haihuwa. Na ɗora a cinyarta ta ciki, ja ɗaya na yi, sai ga guri kamar faɗin tafin hannun yaro ya saluɓe, ja jawur yana tsattsafo da ruwa kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Na duba halawar da ke hannuna ga fatar nan a manne kamar bayan tumatir. Ihun da yarinyar nan ta yi har yau ina jin sa. A nan ne yayar ta ce ai akwai wani ɗan tub da take haɗawa a manta. Ranar ɗaurin aure da bandeji a cinya ta yi shi, ta kasa haɗa ƙafa, kuma ni aka ta zagi a unguwa cewa na ƙona amarya. Tun daga ranar ba na tambaya da baki kawai, hannu nake kamawa in duba gaɓoɓin yatsu da gwiwar hannu, in na ga jijiya ta fito ko nankarwa mai faɗi ja a hammata, kuɗinki nake mayar miki ko nawa ne.

Amarya, abin da kika faɗa na jijiyoyi kore da jan da ba ya komawa, da gurina kika zo ba zan taɓa ki ba. Gaskiya kenan 'yar uwa.

Amaryar Bayan Sallah:
Innalillahi, anti kin tsorata ni wlh. To in na daina shafawa daga yau fa, zuwa kwana 10 ba zai yi ba? Mai sayarwar ta ce min na gargajiya ne zalla, babu kemikal, kurkum ne da madara da su karas.

Anti Nas:
Ƙanwata bari in miki bayani a hankali, ni ma'aikaciyar jinya ce kuma muna ganin irin wannan sosai. Kurkum da karas ba sa fito da jijiya. Alamomin da kika lissafa irin na sitiroyid ne, wato magungunan nan masu ƙarfi da ake rubuta wa masu ciwon fata na ɗan lokaci, masu haɗa mai kuma su matse tub biyu uku a ciki saboda yana sa haske da wuri. In kina da tub a gida ki duba jikinsa, in kin ga an rubuta clobetasol ko betamethasone to shi ne. Aikinsa in an daɗe ana shafawa shi ne ya sirantar da fata, ya rage mata ƙarfin warkewa, ya kuma rage mata ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta. Shi ya sa ƙaramin rauni sai ya zama babba.

Kwana 10 ba za su gyara abin da wata 8 suka yi ba. Fata irin wannan tana ɗaukar makonni da yawa, wani lokaci watanni kafin ta dawo. Wani abu kuma, kar ki yanke man nan rana ɗaya ana gab da biki ba tare da kin ga likita ba, don wasu in sun daina kwatsam jiki yakan yi bore, ja da zafi da ƙuraje da ƙaiƙayi su taso gaba ɗaya. Ki ɗauki robar man ki kai wa likitan fata ya gani ya faɗa miki yadda za ki janye a hankali. In a Kano kike akwai ɓangaren fata a asibitin Malam Aminu Kano.

Tunda an buɗe zancen bari in ƙara da wasu, don na san akwai masu karantawa ba sa magana. Duk mai shan maganin ƙurajen fuska da ake kira isotretinoin, wasu sun san shi da Roaccutane, ba ita ba waks, wato kakin da ake narkawa a cire gashi da shi, ko halawa har sai ta yi wata 6 da gama sha. Wannan a rubuce yake a takardar maganin. Masu shafa tretinoin ko retinol ko adapalene a fuska, a ajiye shi aƙalla kwana 5 kafin a taɓa gurin, ni na fi son sati guda. Haka wadda ta yi peeling ɗin nan da ake ɗaye fata da shi, ta jira sai gurin ya warke sarai.

Gimbiyar Zoo Road:
To ni me ya sa ban taɓa samun matsala ba? Ba musu nake ba anti, tambaya ce.

Anti Nas:
Tambaya mai kyau ce. Mai ba iri ɗaya ba ne, wani babu sitiroyid a ciki, wani kaɗan ne, wani kuma an cika shi. Sannan ƙwauri da bayan hannu fatarsu ta fi kauri, hammata da cinya ta ciki da fuska su suka fi saurin lalacewa. Ta yiwu naki bai kai nan ba tukuna. Amma ita ta riga ta ga alama a jikinta, ba za a auna ta da ke ba. Ke ma in kin fara ganin ƙaramin bugu yana bar miki shaida ki dakata.

Hajiya Babba:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni tambayata ɗaya, wane guri ake son a yi wa halawar? Don in ƙafa ce da hannu da hammata babu laifi mace ta yi wa mace. Amma abin da nake ji yanzu wai amarya ta kwanta wata ta cire mata gashin mara, wannan kam a sake tunani. Tsakanin cibiya da gwiwa al'aura ce ko tsakanin mata, ba a buɗe ta sai da lalura kamar haihuwa ko magani, kwalliya kuwa ba lalura ba ce. Cire gashin sunna ne, hadisin Anas da ke cikin Muslim ya ce kar a bar shi ya wuce kwana 40, amma mutum shi zai yi wa kansa. Mu a zamaninmu uwa ce ke koya wa 'yarta yadda za ta yi a banɗaki ita kaɗai. Gira kuma kar a taɓa, kun san hukuncinta.

'Yar Yerwa Mai Halawa:
Hajiya Allah ya ƙara girma, gaskiya kika faɗa. Ni ma yanzu ba na yin can gurin, ƙulla musu nake a leda in nuna musu yadda ake yi a hannu su je su yi da kansu. Sai dai ina ce musu wadda ba ta taɓa yi ba kar ta fara koyo da nan, gurin yana da laushi kuma ba ka ganin abin da kake yi da kyau, ta fara da ƙwauri har hannunta ya faɗa.

Ummu Sultan:
Dan Allah ku bar ni in shigo da tawa tambayar. Ina da ciki wata 6, na saba yin halawa kafin in samu cikin, yanzu sunkuyawa ma wahala take min. Uwar mijina ta ce mai ciki ba ta yi wai zafin yana taɓa ɗa. Gaskiya ne?

Anti Nas:
Ummu Sultan halawa a saman fata take tsayawa, ba ta isa gurin ɗa. In cikin lafiya lau yake za ki iya yin ƙafa da hammata. Abin da za ki sani shi ne za ki ji zafi fiye da da, saboda jini ya ƙaru a jiki fata ta ƙara ji, kuma tabo ya fi saurin yin baƙi lokacin ciki. In jijiyoyin ƙafarki sun kumbura sun yi kamar igiya, ko ƙafar na kumburi sosai, kar a ɗora a kansu. Kar kuma ki daɗe kwance rigingine, ki sa filo ki ɗan karkata. In an taɓa ce miki cikin na da matsala a awo to ki tambaye su tukuna. Ki lallaɓa mama, kulawa ce ta sa ta faɗa.

Maman Biyu:
Na mai jego ma a faɗa. Ni bayan haihuwata ta biyu ana saura kwana uku arba'in na ce sai na yi gyara kafin in koma ɗakina, ga shi wata guda ina wankan jego da ruwa mai zafin gaske safe da yamma, fatata duk ta yi laushi ta dafe. Mai halawar ta yi min ƙafa, washegari na tashi da ƙananan ƙuraje masu farin kai tun daga gwiwa har idon sawu, kowace ƙofar gashi da nata, in zani ya taɓa sai in ji kamar allura. Sati biyu ina fama, tabon kuma ya fi wata 4 kafin ya baje. Da na sani da na bari na huta da ruwan zafin ko na sati biyu ne. Wadda aka yi wa tiyata ko ɗinki kuwa kar ma ta kusanci gurin sai an duba an ce ya warke.

Uwargida Kaduna:
Ni abin da ba a faɗa ba har yanzu shi ne tsafta. Na taɓa raka ƙanwata wani shagon gyaran jiki, muna zaune ina kallo, matar ta gama da wata ta ɗauki dunƙulen halawar nan da ya yi baƙi da gashi ta mayar cikin roba, da aka zo kan ƙanwata ta sake ɗauko shi za ta ɗora. Na ce mata baiwar Allah wannan fa, ta ce ai sikari ba ya ɗaukar cuta. Na ja hannun yarinyar muka fita, kuɗin ma ban tsaya karɓa ba. In an tumɓuke gashi wani lokaci har ɗan jini yake fitowa, ƙofar a buɗe take, ta ya za a ɗora miki abin da ya fito daga hammatar wata? Masu waks na tukunya ma haka, katakon da ake shafawa da shi sau ɗaya ake tsoma shi a yar, in kin ga tana tsomawa tana shafawa tana sake tsomawa da guda ɗaya ki tashi. Ki duba zanin gadon, ki duba ko ta wanke hannu ko ta sa safar hannu. Ba rashin kunya ba ne ki tambaya, jikinki ne.

'Yar Yerwa Mai Halawa:
Kowace mace da dunƙulenta, in an gama a zubar. Sikari nawa yake da za a yi ta juya ɗaya? Wasu ƙyashin dafa sabo ne kawai. Kuma zafi, halawa ta gaskiya ɗumi kawai take yi kamar jikin mutum, ba ta ƙona kowa. Waks na tukunya shi ne ake narkawa da wuta, wannan dole a gwada a cikin wuyan hannu kafin a shafa miki. Wani bambancin kuma, halawa ana shafa ta ta saɓa wa kwanciyar gashi a fizge ta bi kwanciyarsa, shi ya sa gashi bai cika karyewa ba, waks kuma akasin haka ake yi. Amma kar wata ta ce tunda halawa ta fi sauƙi mai siririyar fata za ta iya, duka biyun fizga ce.

Maman Abba:
Ina da ciwon suga shekara 7, ina shan magani. 'Yata za ta yi aure wata mai zuwa ana ta cewa uwar amarya ma ta yi gyara. Ni ina ciki ko in haƙura?

Anti Nas:
Mama ki tambayi likitanki kafin nan, amma ga abin da na sani. Ciwon suga yana sa rauni ya daɗe bai warke ba kuma ƙwayoyin cuta suna saurin kama guri, musamman ƙafa. Wasu kuma jin ƙafarsu ya ragu, abu zai ƙona su ba su sani ba sai sun ga ya tashi. In sugan ba ya zama daidai, ko kina jin dindiris a ƙafa, ko akwai wani ciwo da ya ƙi warkewa, ki bar halawa kwata kwata. Haka masu shan maganin tsinka jini irin warfarin, jiki zai yi ta taruwar jini, da masu karɓar maganin ciwon daji, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa. Mama ki sha lallenki ja na gargajiya da turarenki, ya wadatar.

Maman Abba:
Na gode 'yata, Allah ya yi albarka. Dama ƙafar tawa takan yi min wannan dindiris ɗin da daddare. Na haƙura.

Ɗiyar Damagaram:
Sannunku da hira. Ni ina so in yi magana kan jerin yadda ake yi, don a nan ne ake cutar amare da yawa ko da fatarsu lafiya lau. A rana ɗaya a yi halawa, a murje ki da dilka, a zaunar da ke kan turaren wuta a lulluɓe da bargo kina zufa, a fito a shafe ki da humra, da yamma mai lalle ta zo ta zana baƙi. Fatar da aka tumɓuke wa gashi da safe ina za ta iya da wannan duka? Humra turare ce, a kan buɗaɗɗiyar ƙofar gashi raɗaɗi take. Baƙin lallen nan na dayis kuwa ko a lafiyayyar fata yana ƙona wasu ya tashi ya yi ruwa, zanen furen ya zama tabo, balle a fatar da ba ta huce ba.

Gimbiyar Zoo Road:
Amma ai haka ake yi tun da can, halawa sannan dilka a take, har cewa ake dilkar ta fi shiga.

'Yar Yerwa Mai Halawa:
Da can gyaran amarya wata guda ake yi ko fiye, ba a gaggawa. Yanzu ne ake kawo min yarinya ana saura kwana 3 a ce a yi komai. Yadda nake yi, dilka tukuna na kwanaki don fata ta yi laushi gashin da ya kwanta ya ɗago, sai a huta kwana ɗaya ko biyu, sai halawa, sai a bar jiki ya sarara kwana 2 cur, ba turaren wuta ba ruwan zafi ba humra ba turaren hammata ba matsattsun kaya ba shiga rana, ruwa mai sanyi ko ɗumi kaɗan da doguwar riga ta auduga kawai. Bayan nan a koma dilka mai laushi da turare. Lalle shi ne ƙarshe, don in kin yi lalle kafin halawa ma za ta ɗauke miki shi. Halawar amarya ta kasance saura kwana 5 zuwa sati, ba daren kai ta ba, saboda ita ma kwanciyar aure ana son a ba gurin kwana ɗaya biyu. Wadda ba ta taɓa yi ba kuma ta gwada tun saura wata guda ta ga yadda jikinta zai karɓa, wata ja na awa kaɗan ne ya wuce, wata sai ta kwana uku da ƙuraje.

Sannan a duba lokaci. Da zafin Afrilu nan Maiduguri mata ke zuwa min da ƙurajen zafi cike da baya da wuya, ba na ɗorawa a kai. Da hunturu kuma ƙafa ta bushe ta yi fari ta tsattsage, sai na ce su je su yi sati suna shafa man kaɗanya tukuna, amma ranar da za a yi kar a shafa komai don halawa ba ta kama jiki mai maiƙo. Maruru, makero, kyasbi, ƙazuwa, gurin da ya ƙone ko ya yanke, tawadar Allah mai tudu, duk zagaye su ake yi ko a fasa, don in kin bi ta kan makero kin kwashe shi kin kai wani gurin.

Maman Biyu:
Da lokacin al'ada. Ana saura kwana biyu uku ta zo da lokacin da ake yinta jiki ya fi jin zafi, na gwada na ga bambanci sosai. Kwanaki kaɗan bayan wanka shi ne daidai.

Hajiya Babba:
Tunda ana maganar lokaci, masu tafiya Umara ko Hajji su yi gyaransu kafin su ɗaura harami, in an shiga harami babu cire gashi. Kuma kar a bari sai daren tafiya, ga zafin Makka ga tafiyar ƙafa ga zufa, cinya za ta goge. Wadda za ta yi layya da kuɗinta ita ma in watan Zulhajji ya kama an so ta bar gashi da farce har ta yanka.

Amaryar Bayan Sallah:
Na dawo. Na kira mai man na matsa mata da tambaya, da farko ta ce sirrin sana'a ne, da na ce likita zan kai wa sai ta turo min hoton abubuwan da take zubawa, akwai wani ƙaramin tub fari da na zuƙo hoton na ga an rubuta clobetasol a ƙasan sunan. Ta ce guda 2 take sawa a kowace roba. Jikina har rawa yake wlh. Ni ban taɓa sani ba, da kuɗina nake saya duk wata.

Yanzu matsalar gwaggo ce, ta biya kuɗi masu yawa kuma ba ta san ina shafa komai ba, ta ɗauka hutu ne ya sa na yi fari. Kuma gashin fa ya zan yi da shi?

Anti Nas:
Alhamdulillah da kika bincika kafin jibi. Gashi abu ne mai sauƙi, ki samu ƙaramar kilifa ko almakashi mai tsafta ki rage, ko sabuwar reza da sabulu mai laushi ki bi kwanciyar gashin a hankali ba tare da dannawa ba, ana saura kwana 2. Man cire gashi irin su Veet ma ban ba ki shawara ba a wannan fatar, kemikal ne mai narka gashi, zai iya ƙona ki. Dilkar ma ki ce a shafa kar a murza da ƙarfi, turaren kuma kar a kusanto da garwashin. Ki je asibiti cikin satin nan da robar da hoton.

Ga sauran da za su yi, ja da ɗan tudu tudu na yini ɗaya ba komai ba ne. Amma in gurin ya ƙara kumbura bayan kwana biyu, ya yi zafi in an taɓa, jan yana faɗaɗa, ko mugunya ta fito, ko zazzaɓi ya zo, asibiti za a je, kar a tsaya shafa man goge baki ko toka.

Uwargida Kaduna:
Maganar gwaggo, kar ki tunkare ta ke kaɗai in kina jin nauyi. Ki faɗa wa mamanki ko yayarki su je su same ta. Ba sai an yi dogon bayani ba, a ce fatarki ta samu matsala kuma ma'aikaciyar asibiti ta ce kar a yi halawa yanzu. Babu gwaggon da za ta so a kai 'yarta ɗaki da ciwo.

'Yar Yerwa Mai Halawa:
Kuma ki faɗa wa mai gyaran gaskiya da bakinki, ki nuna mata cinyar ta gani. In ta san aikinta da kanta za ta ce a'a, ta mayar da kuɗin halawar kan ƙarin kwanakin turare ko ta ajiye miki sai bayan wasu watanni in fatar ta dawo ki zo ki yi. In kuma ta ce ba komai kawo in yi, to kar ki bari ta taɓa ki ko da dilka.

Gimbiyar Zoo Road:
Na je na duba nawa man yanzu, babu rubutun komai a jikin robar sai sunan mai sayarwa da lambar waya. Anti Nas in na turo miki hoton hammatata ta akwatin sirri za ki duba min? Akwai wasu layuka ja da suka fito tun azumi, na ɗauka ƙiba ce.

Anti Nas:
Turo Gimbiya, ina duti yanzu amma in na tashi ƙarfe 8 zan duba. Ki ɗauka a hasken rana ba da fitilar waya ba, kuma halawar wannan watan ki ɗaga ta tukuna.

Amaryar Bayan Sallah:
Yaya ta kira gwaggo, ta yi faɗa sosai kan man amma ta ce gobe da safe ita za ta raka ni asibitin da kanta. Mai gyaran ma ta ce in zo ranar Asabar ta ga fatar kafin ta yanke abin da za a yi. Anti 'Yar Yerwa, man kaɗanyar zan iya fara shafawa tun yau ko in jira sai likita ya gani?

'Yar Yerwa Mai Halawa:
Ki shafa da daddare, ɗanye wanda ba a haɗa shi da komai ba. Gobe da safe kuma ki je da jikinki haka ba mai don ya ga fatar yadda take.